Yadda ake lissafin mol daga ikweshan a kemistiri ba tare da haddar fomula goma ba

Toh ƙannena 'yan SS2 da SS3 da masu shirin JAMB, har da waɗanda suka shiga KASU ko Poli ko ABU suka tarar kemistirin ajin farko na jiransu, ga abu ɗaya da nake so ya fara zama muku a kai kafin komai. Lambobin nan da ake sawa a gaban fomula idan an daidaita ikweshan, irin 3 ɗin da ke gaban H2 ko 2 ɗin da ke gaban NH3, mol suke ƙirgawa, ba giram ba. Yawancin yaran da nake wa lesin a Tudun Wada ba lissafin ne ke kayar da su ba, sun iya ninkawa sun iya rabawa, kalkuleta ma tana hannunsu, abin da ke faruwa shi ne sai yaro ya ga 1 da 2 a ikweshan kawai ya ɗauki giram ɗin da aka ba shi ya ninka da biyu ya ja layi a ƙasa yana murna, alhali tun daga layin farko makin ya tafi.

Duba wannan, shi ne ikweshan ɗin haɗa amoniya:

N2 + 3H2 → 2NH3

A rubutun waya ba na iya sauke ƙananan lambobin ƙasa, don haka duk lambar da ta zo bayan harafi ita ce ta ƙasan nan, wadda ta zo a gaba kuma ita ce babbar da muke magana a kai. Abin da layin nan ke cewa shi ne mol 1 na naitirojin yana cin mol 3 na haidurojin su ba da mol 2 na amoniya. Ɗauki mai haɗa keke napep, bodi ɗaya da taya uku su ke ba shi keke ɗaya, in ka kawo masa taya 12 ka san keke 4 zai tayar kuma bodi 4 yake buƙata, amma ba mai hankalin da zai ce kilo ɗaya na bodi yana tafiya da kilo uku na taya, don bodi ya fi taya nauyi nesa ba kusa ba. Haka su ma, ƙwayar naitirojin ta ninka ta haidurojin nauyi sau 14, ƙirge suke haɗuwa ba a kan sikeli ba. Matsalar kawai ita ce ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta ba a iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, shi ya sa ake ƙirga su da mol, mol ɗaya ƙwaya 6.02 × 10^23 ke nan, lambar da aka sa wa sunan Avogadro ɗan Italiya. Mu kuma a leb sikeli muke da shi da buret, wato dogon bututun gilashi mai auna ruwa, ba mu da abin ƙirga ƙwaya, to dole duk abin da aka auna sai an mayar da shi mol tukuna kafin a tambayi ikweshan.

Mataki na ɗaya, rubuta ikweshan ɗin ka daidaita shi, kuma ko an ba ka shi a takardar tambaya kar ka yarda da shi sai ka ƙirga da kanka, don wani lokacin da gangan ake kawo shi ba a yi masa balansin ba a ga wa zai lura. Dalilin daidaitawar tun wajen 1789 Bafaranshen nan Lavoisier ya kafa shi, cewa idan sinadarai suka haɗu nauyi ba ya ɓacewa kuma ba ya ƙaruwa, atam ɗin da suka shiga ta hagu su ne dai za su fito ta dama sai dai sun canza abokan zama. Doka ɗaya a nan: lambar gaba kaɗai ake taɓawa. In ka taɓa ta ƙasa ka canza abin gaba ɗaya, H2O ruwan sha ne amma H2O2 shi ne wanda ake saya a kemis ana wanke ciwo yana kumfa, kaga ba abu ɗaya ba ne.

Mu gwada da gas ɗin girki, wanda akasari butan ne da furofan, mu ɗauki butan ɗin. C4H10 + O2 → CO2 + H2O. Ni dai kullum da kabon nake farawa, sai haidurojin, oksijin a ƙarshe tunda shi kaɗai yake tsaye a hagu ba ya ɓata wa kowa lissafi. Kabon 4 ne, sa 4 a gaban CO2. Haidurojin 10 ne, ruwa kuma biyu-biyu yake ɗauka, sa 5 a gaban H2O. Yanzu ƙirga oksijin na dama, 8 daga CO2 da 5 daga ruwa, 13 ke nan, shi kuma O2 biyu-biyu yake zuwa, sai ya zama shida da rabi. A nan ne yara ke tsorata su goge komai, kar ka goge, ninka layin duka da 2 kawai:

2C4H10 + 13O2 → 8CO2 + 10H2O

Ajiye shi za mu dawo kansa.

Mataki na biyu, abin da aka ba ka a tambaya mayar da shi mol. Hanyar ta danganta da yadda aka auno shi. In giram ne, raba shi da nauyin mol ɗaya na abin, wato mola mas, wanda kake samu ta hanyar tara nauyin atam ɗin da ake rubuto maka a ƙarshen tambaya, H = 1, C = 12, N = 14, O = 16, Ca = 40 da sauransu. In gas ne aka ce a s.t.p., wato a zafin digiri 0 da matsin iska na atmosfiya 1, raba yawansa a dm³ da 22.4. In ruwan sinadari ne mai ƙarfi kaza mol/dm³, ninka ƙarfin da yawan ruwan, amma sai ka fara raba cm³ da 1000 ya koma dm³, dm³ ɗin nan fa lita ce kawai ba wani abu ba. In kuma adadin ƙwayoyi aka ba ka sai ka raba da 6.02 × 10^23. In da mol aka ba ka tun farko to an yi maka sauƙi, tsallake matakin.

A kula da tarko biyu a nan. Na farko gas ɗin naitirojin N2 ne, nauyinsa 28 ba 14 ba, oksijin 32 ba 16 ba, haidurojin 2 ba 1 ba. Na biyun ya fi wayo, idan kana neman mola mas kar ka haɗa da lambar gaba, mola mas ɗin NH3 17 ne ko da 2 a gabansa ko da 200, lambar gaba aikinta na mataki na uku ne, in ka yi amfani da ita a nan kuma ka sake a can ka ci ta sau biyu, amsarka ta ninka ko ta rabe.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin kuma shi ne mafi gajarta. Nemo lambar gaban abin da ake tambayarka da lambar gaban abin da aka ba ka, wanda ake nema a sama, wanda aka ba ka a ƙasa, sai ka ninka mol ɗinka da wannan. An ba ka mol 6 na H2 ana neman NH3, to 6 × 2/3 = mol 4. An ba ka mol 6 na H2 ana neman N2, 6 × 1/3 = mol 2. In babu lamba a gaban fomula 1 ce a wurin ba sifili ba. Kuma in ka manta wanne ne sama wanne ne ƙasa dubi ikweshan ɗin da ido kawai, 3 ke ba da 2, ashe amoniya dole ta gaza haidurojin yawa, in amsarka ta fito 9 ka san ka juya shi. Reshiyon nan kuma, wato lambar gaban wani a kan ta wani irin 2/3 ɗin nan, ba ruwansa da kibiya, yana aiki tsakanin na hagu da na dama, tsakanin na hagu biyu, tsakanin na dama biyu, kowane biyu ka ɗauka.

Mataki na huɗu, mol ɗin da ka samu mayar da shi abin da aka tambaya, wato juyin mataki na biyu, giram ake so ninka da mola mas, dm³ ake so ninka da 22.4, shikenan.

Mu haɗa su a tambaya ɗaya: giram nawa na amoniya za a samu daga giram 56 na naitirojin? 56 ÷ 28 = mol 2 na N2. Reshiyo 2/1, mol 4 na NH3 ke nan. 4 × 17 = giram 68. Mai gaggawa da ya ninka 56 da 2 zai rubuta 112, kuma abin haushin shi ne a JAMB irin wannan 112 ɗin sau da yawa za ka gan ta zaune a cikin zaɓin tana jiran mai ita. Ga yadda za ka tabbatar da kanka kuma: mol 2 na N2 na cin mol 6 na H2, giram 12 ke nan, 56 da 12 sun ba da 68 cif. Nauyin hagu ya zo daidai da na dama. Lura da cewa mol ɗin bai zo daidai ba, 8 suka shiga 4 suka fito, kuma ba laifi ba ne, nauyi ne ba ya canzawa, adadin mol yana iya raguwa ko ya ƙaru.

Yanzu bari mu bar lambobin littafi mu je Panteka. Masu waldar gas da ba sa sayen tukunyar asitilin, ƙaramin tanki gare su da suke zuba kabaid a ciki ruwa na taɓa shi gas na tashi, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa ya san warin nan mai kama da tafarnuwa da kuma farin taɓon da ake juyewa gefe in an gama. Ga abin da ke faruwa a cikin tankin:

CaC2 + 2H2O → Ca(OH)2 + C2H2

CaC2 shi ne kabaid ɗin, farin taɓon shi ne Ca(OH)2, gas ɗin kuma C2H2, wato asitilin. A ce mai walda ya zuba kilo 1 na kabaid tsantsa, gas nawa zai samu a s.t.p.? Mola mas ɗin CaC2 shi ne 40 + 24 = 64. Kilo 1 giram 1000 ne, kar ka raba kilo da 64 kai tsaye, 1000 ÷ 64 = mol 15.625. Tsakanin kabaid da asitilin 1 da 1 ne, gas ɗin ma mol 15.625, ninka da 22.4 ka samu dm³ 350. Daga dutsen da bai cika tafin hannu biyu ba lita 350, shi ya sa tankin nan ba abin wasa ba ne in hanyar fitar gas ta toshe. Ruwa kuma fa? 2 da 1 ne, 15.625 × 2 = mol 31.25, sau 18, giram 562.5, rabin lita da ɗan ɗoriya, ko da yake a aikace ana zuba fiye da haka sosai saboda haɗin zafi yake fitarwa kuma ruwan ne ke sanyaya shi. Kabaid na kasuwa ba tsantsa ba ne, akwai datti a ciki, warin nan ma daga dattin yake, to in tambaya ta ce tsarkinsa kashi 80 cikin 100 ne sai ka fara cire dattin tun kafin ka je mol, giram 800 ÷ 64 = mol 12.5, gas dm³ 280. 

Ci gaba da shi, gas ɗin ai ƙona shi za a yi:

2C2H2 + 5O2 → 4CO2 + 2H2O

Ba sai ka koma giram ba, kana da mol 15.625 a hannu wuce da shi ikweshan na biyu kai tsaye, × 5/2 = mol 39.06 na oksijin, wajen dm³ 875. Wani yaro da babansa ke walda ya taɓa tsayar da ni a nan ya ce ai su ba sa buɗe oksijin har ya ninka gas sau biyu da rabi, kuma gaskiyarsa, daga tukunya kusan ɗaya da ɗaya ake ba wutar, ragowar oksijin ɗin daga iskar da ke kewaye harshen wutar ke jawowa. Ikweshan ya faɗi jimillar da ake buƙata ne, bai ce daga ina za ta fito ba.

Wannan wucewa daga ikweshan zuwa ikweshan da mol a hannu ya fi fitowa fili a lissafin taki, kuma shi na fi so a duk misalan don a ƙarshensa akwai abin da za ka iya dubawa da idonka a jikin buhu. Yuriya da manoman masara ke saya, irin wadda ake yi a Lekki da Eleme, daga amoniya ake yinta:

2NH3 + CO2 → CO(NH2)2 + H2O

Mola mas ɗin yuriya a hankali ake tara shi saboda bakan nan, 2 ɗin waje ta shafi duk abin da ke ciki: C 12, O 16, N biyu 28, H huɗu 4, jimilla 60. Buhu ɗaya kilo 50, giram 50,000 ÷ 60 = mol 833.3. Amoniya 2 da 1 ce, mol 1,666.7, sau 17 ya ba da kilo 28.3. CO2 1 da 1, 833.3 × 44 = kilo 36.7. Ruwan da ke fita 833.3 × 18 = kilo 15. Gwada sikeli: 28.3 da 36.7 sun yi 65, 50 da 15 ma 65, lafiya lau. To amoniyar nan kuma daga ina? Koma ikweshan ɗinmu na farko, wanda Fritz Haber ya gano hanyarsa a Jamus a 1909, Carl Bosch ya mayar da shi aikin masana'anta a kamfanin BASF a 1913. Mol 1,666.7 na NH3 × 1/2 = mol 833.3 na N2, kilo 23.3. Haidurojin kuma × 3/2 = mol 2,500, kilo 5 kacal. Yanzu raba 23.3 da 50, za ka samu kashi 46 da ɗan wani abu cikin 100. Je Kasuwar Bacci ko duk shagon kayan noma ka dubi buhun yuriya, 46% N za ka gani a rubuce. Ba daga sama suka ɗauko lambar ba, lissafin nan ne da ka gama yanzu.

Butan ɗin da muka ajiye, da sauri. Tukunyar gas mai kilo 12.5, mu ƙaddara duka butan ce, mola mas 58, 12,500 ÷ 58 = mol 215.5. Oksijin × 13/2 = kusan mol 1,401, kilo 44.8. CO2 × 8/2 = mol 862, kilo 37.9. Ruwa × 10/2 = mol 1,077.6, kilo 19.4. Yara kan yi gardama a nan wai ta yaya kilo 12.5 zai haifi kilo 37.9, sun manta oksijin ɗin da aka ɗebo daga iska shi ma yana da nauyi, 12.5 + 44.8 = 57.3, kuma 37.9 + 19.4 = 57.3. Oksijin ɗin nan kuwa kashi 21 cikin 100 ne kawai na iska, kaga iska mai yawa ake buƙata, in ba ta isa ba wutar ta koma ja, gindin tukunya ya yi baƙi. Da gawayi ma abin ya fi haɗari, C + O2 → CO2 in iska ta wadata, amma in ta yi kaɗan sai ya koma 2C + O2 → 2CO, dubi reshiyon, rabin oksijin ɗin kawai ya samu, kuma CO ɗin nan ba wari ba launi shi ne ke kashe mutane a ɗakin da aka kulle da kaskon wuta lokacin sanyi ko aka kwana da janareto a ciki.

Sai babban wurin da ake rarrabe wanda ya gane da wanda ya haddace: idan aka ba ka adadin abubuwa biyu na hagu a lokaci guda. Duk sanda ka ga haka tsaya, ɗaya zai riga ɗaya ƙarewa, kuma wanda ya fara ƙarewa shi ke yanke yawan abin da za a samu, shi ne malamai ke ce wa limitin riyejen. Mai keken nan in yana da bodi 10 da taya 12 keke 4 dai zai tayar, bodi 6 su zauna. Yadda ake gano shi, mayar da kowanne mol, raba kowanne da lambar gabansa, wanda ya fito ƙarami shi ne. Misali giram 14 na N2 da giram 6 na H2. N2: 14 ÷ 28 = 0.5, raba da 1, 0.5. H2: 6 ÷ 2 = 3, raba da 3, 1. Naitirojin ne zai ƙare duk da shi ya fi nauyi a sikeli. Daga nan manta da haidurojin, da N2 za ka yi lissafi: 0.5 × 2 = mol 1 na NH3, giram 17. In an tambayi ragowa, 0.5 × 3 = mol 1.5 na H2 aka ci, saura 1.5, giram 3, kuma 17 da 3 sun mayar maka da 20 ɗin da ka zuba. Kar kuma ka ce ai duk wanda mol ɗinsa ya fi ƙanƙanta shi ne, in aka ba ka mol 2 na N2 da mol 3 na H2 haidurojin ne zai ƙare duk da ya fi yawa, 3 ÷ 3 = 1 ya gaza 2 ÷ 1 = 2. Rabawar nan da lambar gaba ba a tsallake ta.

Amsar da duk wannan lissafin ke ba ka ita ce iyakar abin da zai yiwu, a zahiri ba a cika samun haka ba, wani ya manne a jikin kwalba, wani haɗin ma komawa baya yake yi, kamar na amoniyar nan da ko a zafin wajen digiri 450 da matsin iska mai tsanani da ƙarfe a matsayin katalis mai hanzarta haɗin kaɗan ne ke juyewa a zagaye ɗaya sai an yi ta mayar da ragowar. In tambaya ta ce an samu giram 13.6 a maimakon 17, raba abin da aka samu da abin da lissafi ya ce, sau 100, kashi 80 ke nan.

Akwai gajeriyar hanya guda ɗaya tak da na yarda da ita, ita ce in duka abubuwan gas ne a zafi ɗaya da matsi ɗaya. Avogadro ya faɗa tun 1811 cewa gas biyu masu cika wuri iri ɗaya a yanayi ɗaya adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne, saboda haka reshiyon mol shi ne reshiyon cm³, ba sai ka taɓa 22.4 ba. CH4 + 2O2 → CO2 + 2H2O, methan ke nan, irin gas ɗin da ake sa wa motocin CNG. An ƙona cm³ 20 na methan a cikin cm³ 50 na oksijin aka bari ya huce, gas nawa ya rage? 20 na cin 40, saura oksijin 10, CO2 20 ya fito, ruwan kuma ya koma ruwa ba a ƙirga shi, amsa cm³ 30. Amma fa gas da gas kawai, ranar da ka gwada wannan da giram ka koma gidan jiya. Ita ma 22.4 ɗin ta digiri 0 ce, a zafin ɗaki wajen 24 ake ɗauka, balle zafin Kaduna na watan Afrilu, don haka duba ko an ce s.t.p. kafin ka jawo ta.

Na ƙarshe taitireshan, wato ɗiga asid a cikin bes har su cinye juna don a gano ƙarfin ɗayansu, don 'yan furaktikal. Kowa ya haddace CaVa/CbVb = na/nb, inda C ƙarfi ne, V yawan ruwa, a na asid, b na bes, amma tambayi yaro daga ina na da nb suke sai ya yi shiru, wasu ma 1 da 1 suke sawa a kowace tambaya. Lambobin gaban asid da bes ne a ikweshan, ba wani abu ba.

H2SO4 + 2NaOH → Na2SO4 + 2H2O

Ka ɗebi cm³ 25.0 na NaOH mai ƙarfin 0.10 mol/dm³ da fifet, siririn bututun awon ruwa, ka ɗiga methil orenj, sinadarin da ke canza launi, ya yi ruwan ɗorawa, kana sakin asid daga buret kana kaɗa kwalbar har ɗigon da launin ya juya ya koma ruwan lemo, matsakaicin abin da ka karanta ya zo cm³ 20.00. Bi matakan nan dai: mol na NaOH = 0.10 × 25.0/1000 = 0.0025. Asid ake nema, 1 a sama 2 a ƙasa, mol 0.00125. Raba da yawan asid ɗin a dm³, 0.00125 ÷ 0.020 = 0.0625 mol/dm³. In an ce a g/dm³ ninka da 98, 6.125. Sa lambobin a fomular da ka haddace za ka ga amsa ɗaya ce. Da HCl ne da NaOH 1 da 1 ne, da HCl ne da Na2CO3 kuma asid ɗin ne mai 2, juyin wannan ke nan, shi ya sa nake cewa a rubuta ikweshan ɗin kowane lokaci ko da an tabbata an san shi.

Wajen rubutu a takardar tiyori kar ki rubuta lamba tsirara ƙanwata, rubuta "mol 0.0025 na NaOH", da sunan abin, don a tsakiyar lissafi mai ikweshan biyu nan da nan mutum ke manta mol ɗin waye a hannunsa, kuma mai makin yana ba da maki a kan matakai ko da amsar ƙarshe ta kauce. Kar kuma a yanke lambobin bayan ɗigo tun a tsakiya, 15.625 in ka mayar da ita 16 gas ɗinka ya tashi daga 350 zuwa 358, bari sai layin ƙarshe.

Ga guda uku ku gwada kafin ku leƙa amsa. An gasa giram 250 na CaCO3, dutsen da ake siminti da shi a Obajana da Ashaka, ya rabe zuwa CaO da CO2, nemo giram na CaO da dm³ na gas a s.t.p. Na biyu, an dumama giram 24.5 na KClO3 ya ba da KCl da O2, ikweshan ɗin ku daidaita da kanku, K = 39, Cl = 35.5, oksijin nawa a s.t.p.? Na uku, an jefa giram 13 na zink, Zn = 65, a cikin cm³ 100 na HCl mai ƙarfin 2.0 mol/dm³, ana samun ZnCl2 da H2, wanne zai fara ƙarewa kuma gas nawa zai fito?

Na farko giram 140 da dm³ 56. Na biyu 2KClO3 → 2KCl + 3O2, mol 0.2 ya ba da mol 0.3, dm³ 6.72. Na uku duka biyun mol 0.2 ne amma ikweshan ɗin Zn + 2HCl → ZnCl2 + H2 ne, asid ɗin zai ƙare, gas mol 0.1 wato dm³ 2.24, zink giram 6.5 ya rage a gindin kwalba. Wanda ya samu 4.48 a na ukun ya koma ya sake karanta wurin bodi 10 da taya 12.